Firizar Farfesa

Dokar cibiyar ba ta da wuyar ganewa. Duk wanda ya yi ritaya, ranar bikin sallamarsa ake kwashe ɗakin bincikensa. Abin da babu ma'aikacin da ya ce nasa ne, a kai shi wurin ƙonawa.

Farfesa ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan garkuwar jiki, musamman kumburi. Tun da wuri ta kafe cewa kumburi ba ya lafawa don kansa, akwai abin da jiki ke saki ya kashe wutarsa, kuma a wurin masu ciwon gaɓoɓi abin nan ne yake gazawa. Manya sun yi mata dariya a taruka. Daga baya suka riƙa faɗin maganar suna gyara tabarau, kamar da ita aka haife su.

Abin da ya rage mata shi ne wata tsohuwar firiza mai gurnani, cike da ƙananan kwalaben jinin marasa lafiyar da ta bi shekara da shekaru. Da yawansu sun rasu. Jinin kuwa in ya narke sau ɗaya, ya tashi aiki.

Ranar bikin sallamarta, zauren sama ya cika. Ita tana ƙasa a ɗakin bincikenta, a kan kujera, ta jingina da ƙofar firizar, cikin farar rigar aikinta da ta koɗe. 'Yarta ta shigo da sabon kaya a hannu.

"Mama, don Allah. Mutane sun zo daga nesa."

"Da ƙafarsu suka zo, da ita za su koma."

Sai ga shugaban cibiyar. Ita ta koyar da shi, kuma ita kaɗai ke kiransa Dogo har yanzu.

"Ranki ya daɗe, ke ake jira. An ma rataya hotonki."

"To ku yi bikin da hoton. Ya fi ni haƙuri."

"Doka ce, Mama. Sabuwar na'ura za a saka a nan, masu kwasa suna bakin ƙofa."

"Ka ce jinin naka ne, shi ke nan ya sami mai shi."

"Yanzu ba fannina ba ne."

"Fanninka! Dogo, ranar da ka fara ɗibar jini hannunka rawa yake kamar an kama ka da sata. A kan kwalaben nan ka zama mutum."

Ya dubi agogo. "Ana gama jawabai za a cire filogi."

"Sai ka fara ɗaga ni. Ka zo da mataimaka, na yi ƙiba."

'Yar ta ajiye kayan a kan tebur, ta hau sama. Wani yana tsakiyar yabon uwarta ta karɓi abin magana, ta gaya wa zauren inda uwar take da abin da za a yi wa firizar.

Wadda ta fara saukowa tsohuwar ɗalibar Farfesa ce, wadda ake kira Gardama, yanzu tana da nata ɗakin binciken a wani gari. Bayanta wasu tsofaffin ɗalibai ne masu furfura, kowa da muƙaminsa. Gardama tana jan kular da aka sanyaya lemon biki a ciki.

"Mama, kwalaben layin sama na firizar nawa ne, ni zan ɗauka. Ga ƙanƙara."

Farfesa ta leƙa kular, ta ɗago.

"Ƙanƙarar lemo? Ni na koyar da ke, ko a hanya kika tsinci digirin?"

"Sauri ne, Mama."

"Saurin ne ya kashe miki gwaji biyu a shekararki ta ƙarshe. A kawo busasshiyar ƙanƙara daga sito, ita ce mai sanyin da zai riƙe jini."

Aka dubi Dogo, don makullin siton yana aljihunsa. Ya ce sai an rubuta takardar neman izini. Wani tsohon ɗalibi mai sanƙo, wanda yanzu shi ke tantance kuɗin binciken da cibiyar take nema, ya miƙa masa hannu kawai. Makulli ya fito.

Suka yi ta rabo suna faɗa kamar 'yan gado. Gardama tana son jinin matan, mai sanƙo ya ce shi ya ɗebi rabinsa, don haka ba ta isa ba. Farfesa ta tsaya a kansu, ba ta bari a buɗe ƙofar firizar fiye da numfashi biyu.

Ta san abin da ta rasa. Tarin da ta haɗa wuri ɗaya zai watsu a garuruwa, kuma ba lallai ta sake ganin sakamakonsa ba. Amma kowace kwalba ta fita da sanyinta, da sunan wanda ya ce tasa ce.

"Mama, yanzu za ki hau sama?" in ji 'yar.

"In sun gama. Kai, mai sanƙo! Da hannu biyu ake riƙe akwatin nan."