Hantar Akuya a Bakin Iyakar Argos

Zazzaɓi fa! Duk masu da kiban duniya sun kuskure mijina Naukilidas, sai zazzaɓi ne zai kashe shi a kan gado kamar tsohuwa. A garinmu Isparta kuwa, namijin da bai faɗi a fagen fama ba, ba a sassaƙa sunansa a dutsen kabari. Turbuɗe shi ake yi, ciyawa ta rufe.

"Damatiriya, kai ni," ya ce, haƙoransa na kaɗawa. "Rundunarmu na shirin yaƙi a bakin iyakar ƙasar Argos. Kada ki bar ni in mutu a ɗakin nan."

Na aza shi a kan alfadari, na ɗaure da igiya, na ja. In ya suma in yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo ya tambaya ko an fara. Muka isa sansani. Ga abokan gaba can ƙetaren rafi, namu kuwa na zaune suna taje gashi abinsu.

Na nufi kawuna, shugaban rundunar. "Kawu, me ake jira?"

"Hanta ba ta yarda ba, 'yata."

Mu ba ma ɗaga ƙafa mu shiga yaƙi sai mai duba ya yanka akuya ya ga hantarta lafiya lau.

Abokan mijina suka sa masa jar rigarsa da sulke, suka tsai da shi a sahun gaba, biyu na tokare shi da kafaɗa. "Kai, rago, har da uwargida aka zo yaƙi?" in ji ɗaya.

"Ai ta fi ku sauri," ya ce. Dariyar tasa ta koma tari.

Aka yanka, hanta ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Rana ta take, numfashin mijina na ta ja da baya. Tsoro ya kama ni. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba, na rarrafa na kama ƙafar mai duba.

"Baba, ka dubi girman alloli, ka ce ta yi. Ya ƙetare rafin nan kawai!"

"In yi ƙarya in kai 'ya'yan mutane mahalaka saboda dutse guda? Tashi, yarinya."

"Tsohon banza! Ran mutum ne fa ke fita!"

Ko kallona bai yi ba, ya sa aka jawo wata akuyar. Ya farke, ya juya hantar, ya daɗe yana dubawa. Can ya ɗaga hannu. "Ta yi!"

Aka busa sarewa. Na ruga ina ihu, "Maigida, ta yi, ta yi!" Sahu ya motsa, kafaɗun nan biyu suka yi gaba, sai ya kife da fuska. Na juyo shi. Jikin har ya fara sanyi.

"Kawu, a sahu ya faɗi! Kowa shaida ne!"

Kawu ya sunkuya ya duba ƙirjin, ba ko ƙwarzane. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ba a jefa mashi ko ɗaya ba tukuna, 'yata. Janye shi gefe, na baya za su wuce."