Namijin da Dilmurad Ya Ba da Aro

Dilmurad ya ɗaga ɗan kofin robar ya kara shi da hasken rana, ya runtse ido ɗaya. A ciki wani mitsitsin gizo-gizo ne, bai kai ƙwayar wake ba, ya lafe a yanarsa. Irinsa sun fi ashirin a kan tabarmar mai sayarwa, tsakanin kejin aku da na tattabaru, a kasuwar tsuntsaye ta Lalukhet da ke Karachi, mai ci ranar Lahadi.

"Nakhuda, zo ka gani," ya ce da ni. "'Ya'yan mai shuɗin ƙafa ne. Irin na Sokotra."

Ni ba a yi mini bayanin Sokotra. Na taka tsibirin nan tun ba a haifi Dilmurad ba, lokacin ina jan jirgin katako daga Karachi zuwa Adan, shi ya sa har gobe ake ce mini Nakhuda, wato mai jan jirgi. Sau biyu teku ta haɗiye ni ta tofar. Ban san ko bihim ba, wannan ma bakina ke faɗa hannun wani ke rubutawa, amma ba a haifi wanda ya cuce ni sau biyu ba.

"Bhai, ɗan'uwa, daga ina ka samo waɗannan?" Dilmurad ya tambayi mai tabarmar.

Mutumin ya tsartar da jan yawun pan, ganyen da ake taunawa kamar goro, a gefe. "Saye za ka yi, ko 'yarka za ka ba su, da kake binciken asali?"

"Tambaya ce kawai."

"Wani ne ya kawo daga wajen Korangi. Sunansa kuma ba na sayarwa ba ne."

Dilmurad ya ajiye kofin a hankali. Ya kafe mai tabarmar da ido.

Maƙwabcina ne a unguwar Lyari, gyaran riksha yake yi, babur mai ƙafa uku. Wasu na kiwon tattabaru, wasu zakarun faɗa, shi kuwa Allah ya ɗora masa son waɗannan manyan gizo-gizo masu gashi da 'yan kasuwa ke kira tarantula. Yawancinsu idan ka haɗa biyu a akwati ɗaya, da safe ɗaya za ka tarar, ya yi ƙiba. Amma na Sokotra suna zaman gida ɗaya, musamman waɗanda suka fito daga ƙunshin ƙwai ɗaya suka tashi tare. Akwatin gilashin Dilmurad ya zama kamar farin gari, lungu-lungu na yana, ka jefa kyankyaso ɗaya ka ga baki uku a kansa ba faɗa. Matarsa ta rantse ba za ta share ɗakin ba, shi kuwa a nan yake shan shayinsa.

Sai dai mazansu ba sa daɗewa bayan sun balaga. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, ya rage 'yan mata da namiji guda, wanda ya sa wa suna Sardar. A al'adar masu kiwon nan, namiji ba a ɓoye shi. Aro ake bayarwa ga mai macen da ba 'yar'uwarsa ba, in an yi 'ya'ya a raba biyu. Dilmurad ya kai Sardar wajen Ustad Tufail mai yankan gilashi a unguwar Korangi, mutumin da ya haɗa masa akwatin, ya kuma koya masa kiwon tun daga farko. Da rabin 'ya'yan da zai samu ne Dilmurad yake shirin kafa sabon gida.

Tufail ya bugo waya ya ce macen ta karɓi Sardar, daga baya ta cinye shi. Ya sake bugowa ya ce ta yi ƙwai. Tun daga nan duk ranar da Dilmurad ya ce zai zo, amsa ɗaya ce: kada ka zo tukuna, ba ta son motsi.

"Ɗana, lissafa da kanka," na ce masa a bakin kasuwar. "Namiji an cinye, ba gawa. Ƙwai an yi, ba gani. Ga kuma 'ya'ya a kan tabarma. A teku, duk wanda ya ce kada ka leƙa ƙasan jirgi, shi ya huda shi."

Muka hau bas ɗin Korangi. Zafi ya narkar da mutane, kwandasta na dukan jikin motar yana ƙara cusa wasu. Dilmurad ya riƙe ƙarfen sama.

"Tufail ya sayi sabon babur," ya ce bayan mun yi nisa.

"Ka gani."

"Ran sallah na kira shi sau biyu bai ɗauka ba." Ya gyara riƙon ƙarfen. "Amma fa, Nakhuda, da shi muka ɗauki gawar mahaifina."

"Wanda ya saba da ƙofarka shi ya san inda kake ajiye makulli."

Yana ta murza sukudireban da ke aljihun rigarsa.

Mun tarar da Tufail a waje, a kan titi, yana goge bakin gilashi da inji, rana na dukansa. Gajere ne, yatsunsa duk filasta. Ya kashe injin ya buɗe hannu.

"Dilu! Yau da Nakhuda Baba ka zo? Ashe jirgi ya tsaya a Korangi. Ku zauna, a kawo shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba, Ustad. Ina son in gan ta."

"Na gaya maka ba yanzu ba."

"Na ga 'ya'yan mai shuɗin ƙafa a Lalukhet. An ce daga Korangi."

Tufail ya dube shi, ya dube ni, sai ya yi dariya. "Korangi ni kaɗai ne a cikinta? Mutum nawa ke shigo da su a cikin kwalin takalmi? Kai, Dilu, zafi ne ya taɓa ka."

"To nuna mini."

"Kana ganin don me na fito da injin nan rana? Ko ƙusa ban buga a bangon ɗakin nan ba. Matata da silifas ba ta shiga. Ita kanta macen ta daina cin abinci, tana kwance a kan ƙwan. Ka ƙara haƙuri kaɗan su yi ƙafa, ka zo mu buɗe tare, ka zaɓi rabinka da hannunka."

Magana ce mai daɗi. Amma ni na ji mai daɗin da ta fi ta daga bakin wani ɗan Maskat, daren da ya gudu da igiyoyin jirgina. Na taɓa Dilmurad da gwiwar hannu.

Nan wani mai mota ya tsaya yana neman madubin shago, Tufail ya bi shi da ma'auni. Dilmurad bai jira ba. Ya ɗaga labule ya shiga ɗakin baya, ni ina binsa.

Ɗakin duhu, ba fanka, ba motsi. A kusurwa ga akwati lulluɓe da baƙin ƙyalle. Ya fizge ƙyallen. Ba abin da ake gani sai yana mai kauri kamar auduga, ta rufe wani ɓawon itace.

"Fanko ne," ya ce a hankali. "Wallahi fanko ne."

Ya buɗe murfin, ya kunna fitilar wayarsa, ya zura sukudireba ƙarƙashin ɓawon ya ɗaga. Yanar ta yage.

Tana nan. Ta rame, ƙafafunta shuɗi kamar teku da hantsi, ta rungume wani farin ƙunshi mai girman lemun tsami. Ta miƙe a ƙafafun baya ta kai wa ƙarfen sara, sau ɗaya, sau biyu. Sai ta tsaya cik a cikin hasken. Sannan ta juya, ta sunkuya, ta kafa fiƙoƙinta a cikin ƙunshin.

"Me take yi?" Dilmurad ya ce, alhali ya sani. Duk mai kiwon nan ya sani. Uwar da ta ga an fasa mata gida ba ta bar wa maƙiyi ƙwanta.

"Kashe fitilar!" Tufail ne a bakin ƙofa. Ya ture ni gefe, ni da ba a turewa, ya zaro dogon hantsaki ya kama gefen ƙunshin. Ya ja, ta ja. Ya hura mata iska, ta ƙi saki. Ƙunshin ya yage, ruwan ƙwai ya zubo rawaya a kan ƙasar akwatin.

Tufail ya durƙusa da ƙaramin cokali da gashin tsuntsu, yana tsince waɗanda ba su fashe ba, yana ɗora su a kan ɗan ƙyalle mai damshi a cikin kofin shayi. Ba su rufe ko gindin kofin ba. Ita kuwa tana can tana tsotsar sauran.

"Ustad," in ji Dilmurad. "Ustad, ni..."

"Wane rabin take ci, Dilu? Naka ko nawa?"

Ya miƙe, ya ɗauko kwalin ashana daga kan taga, ya buɗe ya ajiye a gabanmu. Ƙafa ɗaya ce a ciki, doguwa, shuɗiya, ta bushe.

"Ga gawar Sardar. Na ajiye maka ne, na san za ka so ka gani." Ya rufe kofin da tafin hannu ya miƙa masa. "Waɗannan kuma ɗauki duka. Ba na rabo da kai."

"Ban san yadda ake renon ƙwai ba uwa ba. Kai ne ka iya."

"Na sani," in ji Tufail. Ya mayar da baƙin ƙyallen, ya fita. Muka ji injin ya tashi, wannan karon a cikin shagon, jikin bango.

A bas ɗin komawa mun sami kujera. Dilmurad ya riƙe kofin da hannu biyu a ƙirjinsa, duk ramin da motar ta faɗa sai ya ɗaga shi sama. Ni kuwa hannuna ya riƙe jirgi cikin guguwar da ta kashe mutum tara, bai taɓa rawa ba.

"Kawo in riƙe maka, ɗana," na ce.

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, irin duban da ya yi wa mai tabarma da safe. Sannan ya mayar da kofin ɓangaren taga, ya sa kafaɗarsa tsakanina da shi.