Kwana Ukun da Aka Wayar wa Scholastica da Kai

A taƙaice, kuma bisa tsarin da aka saba: daga Talata zuwa Alhamis na makon farko na watan Yuni, Cibiyar Ɗaga Darajar Mata ta gudanar da taron bita a wani ɗakin taro da ke Samaru, mai taken "Haƙƙin Gwauruwa a kan Dukiyar Mijinta". Mata talatin suka halarta. An cimma dukkan manufofin taron. Mahalarciya guda ta rasa shagonta a cikin kwanakin, amma hakan bai shiga rahoto ba, domin fom ɗin rahoton ba shi da gurbin irin wannan.

Ni na ɗauki bayanan taron. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin akawu kafin in yi ritaya, kuma Cibiyar takan neme ni idan tana buƙatar wanda ya san inda ake sa waƙafi.

Mahalarciyar sunanta Scholastica. Tana sayar da zare, maɓallai, zif da allurar keke a wani layin shaguna a Sabon Gari. Mijinta Othniel ya rasu a watan Fabrairu, takardar shagon kuwa da sunansa take. Ƙaninsa Gregory, wanda bai taɓa bambance zaren keke da na saƙa ba, ya gano bayan jana'iza cewa tun yana yaro yake ƙaunar wannan sana'a.

Kwamitin wannan layi ba ya wahalar da kansa da karatun takardu. Idan rigima ta taso a kan shago, tambaya ɗaya yake yi wa maƙwabta: wa ke buɗe ƙofa ya zauna a ciki? Scholastica ta san haka, shi ya sa ko washegarin jana'iza ta buɗe. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, maƙwabciyarta Nwamaka mai sayar da leshi ta buɗe mata, matan layin suka riƙa zaman shagon bi da bi. Wata huɗu suka yi a haka, ba tare da kowa ya ba su horo ba.

Abu ɗaya ya kai ta ofishin Cibiyar: wasiƙar lauya da za ta sa Gregory ya daina yi mata sintiri. Shugabar Cibiyar, Madam Toluwani, ta saurare ta har da share ƙwalla.

"'Yar'uwa, kin zo gida," in ji ta. "Muna da lauya, kuma kyauta ne. Sai dai mai cin gajiyar da ta yi rajista kawai take yi wa aiki."

"To, a yi mini rajistar, Madam."

"Sai kin halarci bita. Kwana uku kacal, har da abinci."

"Shagon fa?"

"Ai saboda shagon za mu wayar miki da kai."

Akwai kuma wata 'yar matsala. Masu ba da tallafi sun ce mata talatin, Cibiyar kuwa sha takwas ta samu. Madam ta tambayi Scholastica ko tana da maƙwabta masu buƙatar wayewa. Tana da su, goma sha ɗaya, wato duk matan layin. Ni na rubuta sunayensu, kuma ba yabon kai ba, rubutun ya yi kyau.

"Baba Akawu," in ji Nwamaka ranar Talata, tana sa hannu a rajista, "idan duk muna nan, wa ke can?"

Na bayyana mata cewa lokacin tambayoyi yana ranar Alhamis.

An fara da kafa dokokin taro. Ta farko ita ce kowa ta kashe wayarta ta sa a kwando, domin a ba haƙƙin mata cikakkiyar nutsuwa. Aka amince da tafi. Babban baƙo ya iso da azahar, ya ce mata su ne ginshiƙin al'umma, ya tafi da kwalin abinci biyu. Da yamma aka zana bishiya a farar takarda, kowace mace ta manna matsalarta a jikin reshe. Scholastica ta rubuta "Gregory". Mai koyarwa ya ce a guji ambaton suna, ya gyara mata zuwa "ƙalubalen al'ada".

Ƙalubalen al'ada kuwa ya zaga layin a wannan rana, ya tarar da ƙofofi goma sha biyu a kulle. Ranar Laraba da ƙarfe takwas, bayan motar Cibiyar ta kwashe matan, ya dawo da mai walda da dattawan kwamiti biyu. Aka nemi maƙwabtan da za a yi wa tambayar da aka saba, aka tarar duk suna Samaru. Aka yanke kwaɗon Scholastica. Gregory ya sa nasa, ya share ƙofar shago, ya zauna. Wani tela da ke bayan layin ya kira wayar Nwamaka sau tara. Wayar tana cikin kwando, a kashe, bisa doka ta ɗaya.

Sai da aka tashi da yamma labari ya iso. Matan suka tafi Sabon Gari a guje, suka tarar Gregory yana sayar wa wata mata baƙin zif a kan farin yadi. Kwamiti ya ce yanzu magana ta zama ta mutum biyu masu buɗe ƙofa, kuma wanda ke ciki zai ci gaba da zama har a sasanta.

Na ɗauka ba za su dawo ranar Alhamis ba. Scholastica ta dawo, domin ba a ba da satifiket sai da sa hannu uku, ba a ganin lauya kuma sai da satifiket. Nwamaka ta rako ta, ta ce ta zo ne ta ga ƙarshen abin da idonta. Sauran goman kuwa, ni na sa musu alamar halarta da kaina, bisa umarni.

Lauyar, Barista Adaora, ta iso da ƙarfe uku, domin an sa jawabinta a ƙarshe, bayan rabon riguna. Mace ce mai sanin aikinta, kuma ba ta san abin da ya faru ba. Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Abu na farko, kuma mafi muhimmanci: kada ki bar wurin. Ko na yini ɗaya. Idan dole ta kama, ki bar maƙwabta a ciki."

Nwamaka ta miƙe.

"Barista, Allah ya ƙara ilimi. Wannan karatun, da kin aiko mana shi ranar Litinin ta bakin mai kabu-kabu, da ya ishe mu."

"Madam Nwamaka, a riƙa ɗaga hannu," in ji Madam Toluwani.

"Na ɗaga, Madam. Tun Talata yake sama, ku tambayi Baba Akawu."

Na rubuta cewa an yi muhawara mai armashi.

Barista ta rubuta wasiƙar a ranar, kuma wasiƙa ce mai kyau. Ta dai gaya wa Scholastica gaskiya, cewa hana mutum shiga aikin takarda ɗaya ne, fitar da shi kuwa aikin kotu ne, kuma kotu ba ta sauri. An ɗage shari'ar sau huɗu zuwa yau.

Scholastica tana sayar da zare yanzu a kan tebur a bakin layin. Ƙyallen da aka rubuta taken taron a jiki shi ta roƙa ta ɗaura ya zama rumfa, kuma yana tare rana sosai. Madam Toluwani ta je ta ɗauke ta hoto a ƙarƙashinsa. Hoton yana shafi na shida na rahoton shekara, da bayanin cewa mahalarciya ce da ta kafa sana'arta bayan horo.

Abin da taron ya ci: kwana uku, kwaɗo ɗaya, shago ɗaya da kayan cikinsa, cinikin yini biyu na mata goma sha ɗaya, da gaisuwar Nwamaka, wadda ba ta ƙara yi mini ba. Abin da aka samu: satifiket talatin, riguna talatin, wasiƙa ɗaya, rumfa ɗaya.