Makullin da Baba Ya Ɓoye

"Mama, idan Kaka ya manta hanya, ni zan riƙe sitiyari?"

Ina yanka albasa 'yata Wiebke ta yi min wannan tambayar. Shekarunta shida. Na ajiye wuƙar.

"Wane sitiyari? Ai Kaka ba ya tuƙi."

"Yana yi mana. Ran Lahadi, in kin tafi aiki. Sintiri muke zuwa. Ni ce siririn."

Sai na zauna.

Mahaifina Eberhard ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe nan Duisburg. Shi da amininsa Rolf ba sa yarda wani tsohon shirin 'yan sanda biyu ya wuce su a talabijin: ƙato ɗaya mai yamutsattsiyar riga, da siriri mai mita. Ƙaton ke tuƙi, siririn na kushe tuƙin, in sun kama mai laifi su ƙare a rumfar soyayyen dankali a bakin kogi. Baba da Rolf suka mayar da abin nasu. Duk Lahadi sai sun je rumfar da ke tashar jiragen ruwa, Rolf na cewa, "Ƙaton banza, wa ya ba ka lasin?" Baba na cewa, "To sauka ka taka, tsinke."

Rolf ya rasu bara. Mantuwa kuwa ta riga ta kama Baba, har likita ya hana shi tuƙi. Na karɓe makullin motarsa. Nakan bar masa Wiebke ran Lahadi saboda in ya kunna tsofaffin kaset ɗinsa yana dawowa mutum. Sunana kan ɓace masa, amma maganar 'yan sandan nan ba ya kuskure ko ɗaya.

"Ina yake samun makulli?" na tambaye ta.

"A ƙarƙashin mota, cikin ɗan akwati mai mannewa. Inda ƙaton yake ɓoye nasa."

Na sha ganin wannan a shirin tun ina yarinya, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ban jira Lahadi ba. Na bar Wiebke wurin maƙwabciya na tafi gidansa. Babu mota. Na hau keke zuwa tashar, ana yayyafi.

Na tarar da motar a karkace, tayar gaba ta haye dakali, taku kaɗan tsakaninta da ruwa. An daɗe da rufe rumfar. Baba na tsaye da takalman ɗaka, ya buɗe ƙofar mai zaman banza yana jira.

"Baba."

"Malama, matsa baya, bincike muke yi."

"Ni ce, Silke. Ba ni makullin."

Ya dube ni tsawon lokaci. "Abokin aikina ya makara," ya ce. "Ba a barin abokin aiki a baya."

Na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na zare makullin. Hannun da ya koya min hawan keke ke nan. Bai yi gardama ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Na sayar da motar a makon. Wiebke ba ta ƙara zama da shi ita kaɗai ba, ta yi kwanaki tana min fushi. Na bar aikin Lahadi, yanzu ni ke zama kusa da shi. Idan ƙaton ya tayar da mota a allo, Baba ya juyo yana jira, ni kuma in ce, "Ƙaton banza, wa ya ba ka lasin?" Wani lokaci ya amsa. Yawanci ƙofa yake kallo.

Ke da kike barin ɗanki wurin tsohon da mantuwa ta fara taɓawa, don kin ga yana dariya gaban talabijin: kada dariyar ta ruɗe ki. Karɓe makulli ɗaya bai isa ba. Durƙusa ki leƙa ƙarƙashin motar, yau ɗin nan, kafin yaronki ya yi miki tambayar da tawa ta yi min.