Matatar da Alhaji Ya Koya wa Aiki

Ƙungiyar manoman rani ta garinsu, kusa da Goronyo, tana da na'urar da ke karɓar imel ɗinta, kuma Khalid ne mai kula da ita. Ranar Talata shugaban ƙungiyar, Alhaji Junaidu, ya kira shi.

"Ɗan nan, mi as sami na'urarka? Malam Sale na yawo shina cewa sau shida ya rubuto min, ni ko ban ga komi ba."

Malam Sale ne wakilin manoman ƙarshen magudanar ruwa. Kwana tara ruwa bai isa gare su ba, dashen albasarsu ya fara kwanciya.

Khalid ya buɗe kwandon da matatar saƙonni, mai tace imel, ke zuba wasiƙun banza. Ga wasiƙun nan shida, tsakanin tallar magani da wasiƙun 'yan damfara. Sai ya yi gwajin aika saƙo zuwa akwatin imel na Alhaji. Ya rubuta, "Allah shi ƙara wa Alhaji girma." Saƙon ya wuce. Ya rubuta, "Ruwa bai iso ba." Ya faɗa kwando. Ya gwada "ƙorafi", ya gwada "hanzarta". Duk kwando.

Da ya bi tarihin na'urar ya ga dalili. Matatar daga hannun mai akwati take koyo. Shekara biyu Alhaji na danna "banza" a kan duk wasiƙar da ta ɓata masa rai. Babu abin da ya lalace. Ɗaliba ce mai biyayya.

Khalid ya auna lamarin. Ƙarya haramun ce, kuma Alhaji kawun matarsa ne. Daga ƙarshe ya rubuta gaskiya duka, bai rage harafi ba, har da maganar ruwan Malam Sale. Ya aika wa Alhaji ta imel.

Ya san inda saƙon zai faɗa, can kuwa ya faɗa, kusa da wasiƙun Malam Sale shida.

Bayan la'asar Alhaji ya leƙo.

"Ka duba?"

"Na duba, Baba. Na aiko maka da bayani."

"Ban ga komi ba. Ke nan lahiya lau take?"

"Tana yin abin da anka koya mata."

"Madalla! Na san sharrin Sale ne."

Ranar Juma'a Malam Sale ya tuge dashen da ya bushe. Khalid kuwa har yau yana gaya wa kansa bai yi ƙarya ba.