Hoton Nell a Ƙarƙashin Farin Fenti

Ba a sami hoton ba. An kwashe ɗakin zanen Lyman Prewitt tas a makon da ya biyo bayan jana'izarsa, cikin hunturun 1962, a saman wani shagon takalma a birnin Cleveland. Abin da matarsa Verna ta zo nema ba ya cikin kayan.

Prewitt ya ci ƙuruciyarsa yana zana bangon mujallu: direbobin jirgin ƙasa, 'yan kwana-kwana, mata a bakin murhu. Da mujallu suka koma hoton kyamara, sai ya koma koyarwa. Yana da ƙa'ida irin ta mutanen sana'arsa, cewa zane ya gama aikinsa ran da aka buga shi, abin da ya rage ƙyalle ne kawai. Don haka duk ɗalibin da ya zo hannu Rabbana, sai ya zaro tsohon zanensa, ya shafe da farin fenti, ya miƙa masa ya koya a kai.

Guda ɗaya Verna ke nema. 'Yarsu Nell ce a ciki, zaune kan matakala da jar hula, watanni kaɗan kafin cutar shan-inna ta kashe ta. Mujallar da ta ba da aikin ta dawo da shi, wai yarinyar ba ta murmushi. Ba a taɓa buga shi ba. Lokacin kuma gidan ba kyamara.

Ranar da ake kwashe ɗakin, Dolores Kaminski, tsohuwar ɗalibar Prewitt da ta gaji ajinsa, ita ke juya mata zanukan da ke jingine da bango.

"Mama, ki zauna mana. Ƙurar nan za ta kama miki ƙirji."

"Ƙirjina ya ga abin da ya fi ƙura. Juyo wancan."

Dolores ta juyo. Tulu ne da lemo.

"Wane mai ƙarfin halin ne ya yi wannan?"

"Ni ce, shekarata ta farko. Malam cewa ya yi lemon nan kamar dankalin da ya sha kashi."

Verna ba ta yi dariya ba. Ta bi zanen da babban yatsa. A ƙarƙashin lemon akwai tudun tsohon fenti, zagayayye, kamar ƙafar jirgin ƙasa.

"Kun san abin da ke ƙasan naku?"

"Ina fa. Kyauta aka ba mu, wa zai tsaya bincike?"

"Kowa ya samu?"

"Kowa. Har sojojin da suka dawo daga yaƙi. Wasu suna California yanzu, wasu sun jefar da buroshi sun koma tallar inshora."

"Na Nell fa?"

Dolores ta goge hannu a jikin rigarta. "Na sha ganinsa bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango. Daga baya ban ƙara gani ba."

"Ai ba a buga shi ba," in ji Verna. "A ƙa'idarsa, bai gama aiki ba ke nan. Ba zai shafe ba."

"Haka ne, Mama."

"Ko kuwa zai iya?"

Dolores ta nufi bayan ƙofar.

A bayan ƙofar suka sami ƙyalle ɗaya da aka shafe fari fat, ba wanda ya zana komai a kai. Girmansa daidai da na hoton Nell. Verna ta ɗaga shi wajen taga, ba ta ga komai ba.

Dolores ta ce ana iya kankarewa, amma farin Malam yana kamawa ƙam, wuƙa na iya tafiya da abin da ke ƙasa.

Verna ta naɗe shi a tsohuwar jarida, ta shiga bas da shi. Yana rataye a falonta, saman rediyo. Har yau ba ta bari an kankare ba.