Murfin Tukunyar Tome

Aikinmu a masana'antar birnin Nagoya shi ne huda kujerun jiragen yaƙi masu tashi daga kan jirgin ruwa, don rage nauyi. Ba sulke bayan matuƙi. Maƙwabciyata Tome kuwa, wadda muke aiki tare, ɗanta matuƙi ne.

Ran nan na hango ta tana cusa murfin tukunyar ƙarfe bayan wata kujera. Mutum biyu kacal na faɗa wa, sai ga shugaban aiki Kuwabara ya zo ya zaro shi.

"Iya, miya za ki dafa a sama?"

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa. "Ranka ya daɗe, harsashi ta baya yake shiga."

"Kin san jirgin da za a ba ɗanki?"

"Ban sani ba. Murfi ɗaya gare ni."

Ya miƙa mata abinta, ya ce ta koma huda.